HAGU, DAMA DA LIBARAL: ME KE CIKIN WAƊANNAN SUNAYE?

Matanin jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na matasan Gyadi-Gyadi da Tarauni, Kano.

 

Abin da ya tara mu yau shi ne wasu kalmomi guda uku da suka shiga bakin matasanmu, a teburan masu shayi da majalisun dare da shafukan Facebook. Za ka ji an ce wane ɗan hagu ne, wane ɗan dama ne, wane kuwa ai libaral ne. Da zarar an liƙa wa mutum ɗaya daga cikinsu, shi ke nan an gama da shi, ba a ƙara sauraren hujjarsa. Zumunci ya lalace a kan haka, kuma akwai waɗanda suka ba da ƙuri'arsu ko suka hana ta saboda suna kawai. To, wajibi ne mu san daga ina sunayen nan suka fito, me suke ɗauke da shi, sa'an nan mu auna su da tarihin garinmu, mu ga ko sun taɓa gaya mana gaskiyar abin da mai mulki zai aikata.

ASALIN HAGU DA DAMA

A shekarar 1789, lokacin juyin juya halin ƙasar Faransa, wakilan majalisar ƙasar suka yi ta muhawara a kan ko sarki yana da ikon ya soke dokar da majalisa ta zartar. Waɗanda ke son a bar wa sarki wannan iko suka taru a hannun daman shugaban majalisa, waɗanda ke son a rage masa iko kuma suka taru a hannun hagunsa. Daga wannan zama ne aka sami sunayen. Wato tun farko bayanin wurin zama ne a cikin wani zaure, a kan wata rigima ta wata ƙasa.

Kowa a cikinmu ya san Titin Zariya. Wanda ya taso daga Dangi zai tafi Unguwa Uku, zai ga Asibitin Malam Aminu Kano a hannu ɗaya, in ya juyo kuma zai gan shi a ɗaya hannun, alhali asibitin bai motsa ba. Haka hagu da dama suke a siyasa. Ba ka iya cewa abu yana hagu sai ka faɗi inda kake tsaye da inda ka dosa. Ra'ayin da yake na kawo sauyi a wata ƙasa, a wata ƙasar shi ne ra'ayin riƙau, kuma abin da yake hagu a wannan ƙarni yana iya komawa dama a ƙarni na gaba.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da mu. A tarbiyyarmu dama ita ce mai daraja: da ita ake ci, da ita ake gaisawa, da ita ake fara shiga masallaci, kuma kowane Musulmi yana fatan a ba shi littafinsa ta dama ranar hisabi. Saboda haka Bahaushe in ya ji "ɗan hagu" sai zuciyarsa ta ƙyamaci mutumin tun bai ji bayaninsa ba. Mu kiyaye. Damar majalisar Faransa ba ta da wata alaƙa da waccan damar, hagunta ma haka.

MENE NE LIBARAL?

Kalmar ta samo asali daga harshen Latin, ma'anarta tana komawa ga 'yanci. An fara kiran wata ƙungiyar siyasa da ita a majalisar Kadis ta ƙasar Sifaniya, wadda ta rubuta tsarin mulkin 1812. Manyan malaman wannan aƙida su ne irin su Jon Lok, da Adam Simit wanda littafinsa a kan arzikin ƙasashe ya fito a 1776, da Jon Situwat Mil wanda ya yi rubutu a kan 'yanci a 1859. Ginshiƙanta su ne: a yi wa mai mulki iyaka da doka, a kare ran mutum da dukiyarsa da bakinsa daga hukuma, a bar kowa da addininsa, a kuma bar kasuwa ta yi halinta.

A zamanin da sarakuna da manyan coci ke riƙe da Turai, masu wannan ra'ayi su ne 'yan hagu, domin su ne masu neman sauyi. Amma da masana'antu suka yawaita, ma'aikata suka ga cewa 'yancin kasuwa bai hana mai masaƙa ya sa yaro aiki tun asuba har dare ba. Sai 'yan gurguzu suka taso, Kal Maks da abokinsa suka fitar da sanarwarsu a 1848, suka ce matsalar tana ga wanda ya mallaki jari. Su ne suka gaje kujerun hagu, suka tura 'yan libaral tsakiya, wasu ma har dama. Aƙidar ba ta canza wuri da ƙafarta ba, maƙwabtanta ne suka canza.

Daga nan ita kanta ta rabu gida biyu. Gida ɗaya ya ce babu 'yanci ga mai yunwa da jahilci, don haka dole gwamnati ta sa hannu. Wannan ne ya sa gwamnatin jam'iyyar Libaral ta Ingila ta kawo fanshon tsofaffi a 1908, kuma shi ne ma'anar kalmar a Amurka tun zamanin shugaba Rusbelt da ya hau a 1933. Ɗaya gidan ya ce gwamnati ta janye hannunta, ta sayar da kamfanoninta, ta cire tallafi, ta bar farashi ga kasuwa. Wannan ne Magaret Taca ta aiwatar a Ingila daga 1979, da Ronal Regan a Amurka daga 1981, alhali su biyun shugabannin jam'iyyun ra'ayin riƙau ne.

Ku dubi yadda abin ya cakuɗe. A Amurka in an ce libaral ana nufin hagu. A Faransa in an faɗe ta yawanci ana nufin mai goyon bayan kasuwa, wato dama. Jam'iyyar Libaral ta Kanada tana karkata hagu, ta Ostareliya da aka kafa a 1944 ita ce babbar jam'iyyar dama, haka ma mai ɗauke da wannan suna a Japan tun 1955. A ƙasar Denmak kuwa akwai jam'iyyar libaral da aka kafa a 1870, sunanta a harshensu "Hagu", amma ta daɗe tana jagorantar gwamnatocin dama. Gidajen rediyo sukan fassara kalmar da "masu sassaucin ra'ayi". Fassarar ta kama gefe ɗaya ne kawai, domin wanda aka cire wa tallafin mai da sunan 'yancin kasuwa bai ga sassauci ba.

Bugu da ƙari, 'yancin nan da aka rubuta ba da mu aka rubuta shi ba. Jon Lok yana da hannun jari a kamfanin Ingila mai fataucin bayi daga Afirka. Mil ya yi shekara 35 yana aiki da kamfanin da ke mulkin Indiya, kuma ya bayyana cewa ƙa'idarsa ba ta shafi al'ummomin da yake ganin ba su waye ba. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903 a ƙarƙashin gwamnatin 'yan riƙau ta Landan. Amma lokacin da aka rushe Satiru kusa da Sakkwato a Maris 1906, da lokacin da aka ci Haɗeja a wannan shekara, da lokacin da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu a 1914, jam'iyyar Libaral ce ke mulki. Canjin kujera a Landan bai canza komai ba ga kakanninmu.

NEPU DA NPC

Mu dawo gida. An kafa NEPU a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950, da hannun irin su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Littattafan tarihi sukan ajiye ta a hagu, NPC kuma a dama. Bari mu buɗe kayan kowa mu gani.

NEPU ta yi magana da yawun talakawa a kan masu sarauta, ta yaƙi zaluncin karɓar haraji da jangali da aikin tilas. Wannan ya yi kama da hagu. Amma sauran buƙatunta fa? Ta nemi a yi zaɓe kai tsaye, domin a 1951 ta yi nasara a matakin farko a Kano, aka tace ta a matakan sama inda En'e ke da ikon cusa nata mutane. Ta nemi 'yancin yin taro da lacca ba tare da ɗan doka ya watsa ba, ta nemi a raba kotun alƙali da ikon fada, ta nemi mata su yi zaɓe, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a 1976. Waɗannan duka, a ma'aunin Turai, buƙatun libaral ne tsantsa. Sa'an nan hujjojin da Malam Aminu da Malam Sa'adu Zungur suke kafawa ba daga Maks kaɗai suke ba. Malam Aminu ɗan gidan malamai da alƙalai ne, mai tafsiri, kuma yakan koma ga rubuce-rubucen masu jihadi. Shehu Usmanu a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su. To, a wace kujera za mu zaunar da jam'iyyar da ta haɗa waɗannan uku?

NPC ita ma haka. Ta kare martabar sarakuna da tsarin En'e, wannan riƙau ne. Amma gwamnatin Sardauna ce ta zuba kuɗin jama'a a masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, ta kafa Bankin Arewa, ta gina Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma hukumar cinikin amfanin gona ce ke yanka farashin gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano. Gwamnatin da ke mallakar masana'anta da banki tana yanka farashi, in a Amurka ne da an ce da ita 'yar gurguzu.

SANTSI DA TAƁO

A 1979 PRP ta ci Kano da Kaduna. Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa suka soke haraji da jangali da hawansu, gwamnatin Kano ta mai da ranar ma'aikata ranar hutu a 1980, ta kafa hukumar yaƙi da jahilci. Amma a cikin 1980 jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi a bayan gwamnoni, Taɓo a bayan Malam Aminu, a kan batun zaman gwamnonin da takwarorinsu na UPN da GNPP da kuma yadda za a yi hulɗa da gwamnatin NPN. Kowane ɓangare na cewa shi ne na talaka. An tsige Balarabe Musa a Yunin 1981. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka yi tarzomar da aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 gidan yana rabe, Rimi ya tsaya takara a NPP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Iyayenmu a waɗannan unguwanni sun ga gida ɗaya ya rabu, wa Santsi, ƙane Taɓo. Kalmar "hagu" ba za ta iya bayyana mana wannan rabuwa ba, tunda duka biyun a ƙarƙashinta suke.

HAGU DA DAMA NA SOJA

Babu inda aka fi wasa da waɗannan sunaye kamar zamanin Janar Babangida. A 1986 ya kawo shirin SAP: aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, aka kama hanyar sayar da kamfanonin gwamnati. Wannan shi ne libaral na kasuwa. Dalar Amurka da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai kusan naira 22 a farashin hukuma a 1993. Kwamitin siyasa da ya kafa ya ba da rahoto a 1987 cewa a bi tafarkin gurguzu, gwamnati ta ƙi. Sai ranar 7 ga Oktoba 1989 ya rushe ƙungiyoyin siyasa 13 da suka nemi rajista, ya ƙirƙiri jam'iyyu biyu, SDP mai alamar doki wadda aka ce ta ɗan karkata hagu, da NRC mai alamar mikiya wadda aka ce ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi, ta ba su kuɗi, kuma babu wadda aka yarda ta taɓa SAP.

Me ya biyo baya? A zaɓen gwamna na Disambar 1991, Kano, cibiyar siyasar talakawa, ta faɗa hannun NRC da Kabiru Gaya saboda rikicin cikin gidan SDP. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuwa, ɗan takarar jam'iyyar "hagu" shi ne Cif Abiola, ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka, na jam'iyyar "dama" kuma maƙwabcinmu ne na Gandun Albasa, marigayi Alhaji Bashir Tofa. Su biyun 'yan kasuwa ne, su biyun tsofaffin 'yan NPN ne. Kanawa suka ba Abiola rinjaye a kan ɗan garinsu, kafin a soke zaɓen baki ɗaya. Duk wanda ya nemi bambancin aƙida a tsakanin doki da mikiya ya sha wahala, domin duk kanwar ja ce.

ABIN DA MUKE CIKI

A ranar 1 ga Janairu 2012 gwamnatin PDP ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, Kanawa suka cika shataletalen Silba Jubili suna zanga-zanga. Da yawa cikin jagororin da suka soki wannan mataki su ne suka kafa APC a 2013, jam'iyyar da sunanta ke cewa ta masu ra'ayin ci gaba ce. Ranar 29 ga Mayu 2023, shugaban da ya fito daga wannan jam'iyya, wanda ya taɓa zama sanata a SDP a 1992, shi ne ya sanar da ƙarshen tallafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a 2024, aka kuma saki naira ga kasuwa. Ba muna yanke hukunci a kan dacewar matakin ba ne a wannan zama, masana tattalin arziki suna da hujjoji ta kowane gefe. Abin lura shi ne sunan jam'iyya bai gaya wa kowa cewa hakan za ta faru ba. Haka nan manyan 'yan siyasar Kano sun yi ta sauya sheƙa tsakanin PDP da ANPP da APC da NNPP, ba tare da mun ji wani ya ce aƙidarsa ce ta canza ba.

Mu ma kanmu ba mu shiga layin nan guda ɗaya. Ɗauki magidanci a Darmanawa ko Daurawa. Yana son gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin asibiti da na makaranta, ta tallafa wa mai da taki. A Amurka wannan ɗan hagu ne. Shi ɗin dai yana riƙe da addininsa da tarbiyyar gidansa, ba ya son a taɓa masa tsarin aure da iyali. A Amurka wannan ɗan dama ne. In kuma ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana son a rage kuɗin kwastan a buɗe iyaka, to ya zama libaral. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, manomin shinkafa na Kura ya yi murna, mai fatauci zuwa Maraɗi ya yi kuka, mai sayen awo a kasuwar Tarauni ya ji a jikinsa. Wanne ne hagu a cikinsu, wanne ne dama? Tambayar ba ta da amfani. Dalili kuwa shi ne batun wa zai mallaki dukiya daban, batun iyakar ikon mai mulki daban, batun tarbiyya da ɗabi'a daban, kuma igiya ɗaya ba ta auna abu uku.

Shari'armu ma ba ta zauna a ɗayan kujerun ba. Ta kare dukiyar mutum, ta halatta ciniki, ta kuma haramta riba da ɓoye abinci don ya yi tsada, ta wajabta zakka, ta ɗora wa shugaba alhakin talakansa. Mai son jari-hujja zai ɗauki rabi ya ce tasa ce, ɗan gurguzu ya ɗauki ɗaya rabin. Bai kamata mu taya su yankawa ba.

ABIN DA YA KAMACE MU

Ya 'yan'uwa, ba muna cewa a daina karanta waɗannan aƙidu ba. A karanta su da kyau, domin da su ake tsara bashin da ƙasarmu ke ci da sharuɗɗan da ke biyo shi. Abin da muke kira gare shi abu uku ne.

Na farko, in wani ya ce wane libaral ne, mu tambaye shi: a wane fanni, a kasuwa, ko a iyakance ikon hukuma, ko a tarbiyya? Kuma a ma'aunin wace ƙasa? Mutum yana iya neman kada a tsare kowa ba tare da shari'a ba, ya kuma kasance ya fi kowa tsare sallarsa. Jifan irin wannan da suna don a rufe masa baki zalunci ne, kuma za a tambaye mu a kan abin da harsunanmu da yatsunmu suka rubuta.

Na biyu, in ɗan takara ya zo Gyadi-Gyadi Arewa ko ta Kudu, ko Babban Giji, ko Hotoro, neman ƙuri'a, kada mu tsaya ga hularsa ko tutarsa ko hoton Malam Aminu da ya rataya. Mu tambaye shi: wa zai biya kuɗin maganin mai haihuwa? Wa zai mallaki ruwa da wuta, kuma in sun yi tsada wa za a kai wa kuka? Harajin da ake karɓa a hannun mai shago da mai adaidaita sahu, ina yake tafiya? Filayen makarantu da na maƙabartu, wa ke tsare su? In ka yi ba daidai ba, wace kotu ko majalisa ce za ta iya taka maka birki? Wanda ya soke ka a rediyo, zai kwana a gidansa?

Na uku, mu riƙa ajiye lissafi. Mu rubuta abin da aka yi mana alkawari da ranar da aka yi shi, mu duba bayan shekara huɗu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Waɗanda suka soke jangali a 1979 ba a tuna su don an kira su 'yan hagu, ana tuna su ne don makiyayi ya daina ɓoye shanunsa in ya hango ɗan sarki.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya.